Batirin zuciya da masu jegonmu

Jama'a, masu kallon ƙwallo ba su manta da Eriksen na Denmark ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a fili a 2021. An dasa masa 'yar na'ura a ƙirji, in bugun zuciya ya rikice sai ta ba ta shokin ta dawo daidai. Ya koma wasa. Akwai 'yar'uwarta mai waya uku, tana sa ɓangarorin zuciyar da ta gaza su riƙa bugawa tare.

To mu fa? Gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi mana katutu. Wani bincike a Sakkwato ya samu mace ɗaya cikin haihuwa 102. Mai jego a Ngaski ko Shanga ƙafa ta kumbura, numfashi na sarƙewa, sai a ce sanyi ne, a ƙaro kunun kanwa.

Ban ce a sayo na'urar miliyoyi gobe ba. Ai ba a dasa ta sai an yi hoton zuciya, an ga jinin da take turawa bai wuce kashi 35 ba, bayan wata 3 ana shan magani. Injin hoton da likitansa nake roƙa wa Yelwa. Wakilanmu, don Allah ku sa shi a aikin mazaɓa, gaban rabon babura.