Nafarko: Ya Bar Kujera, Bai Bar Gaskiya Ba

Ƴan uwa talakawan bakin iyaka, na Magarya da Matamaye, na Ɗan Isa da Madarumfa, na Birnin Ƙonni da ƙauyukan da ke kewaye, maza da mata.

Ran Lahadi 21 ga Fabrairu 2021 za mu koma rumfunan zaɓe, zagaye na biyu. Mutum biyu suka rage: Bazum Mohamed na PNDS Tarayya da Alhaji Mahaman Usman, Nafarko, na RDR Canji. Ƴan Guri na bin kasuwanni da motoci masu lasifika suna maimaita magana biyu: wai Nafarko ya tsufa, wai an gwada shi ya kasa. To, tunda sun taɓo tarihi, bari mu buɗe shi gaba ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

An haifi Mahaman Usman a Damagaram ran 20 ga Janairu 1950. Ya yi karatun lissafi da tattalin arziki a Faransa da Kanada, ya dawo ya yi wa ƙasa aiki. A 1991, lokacin da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, yana cikin waɗanda suka kafa CDS Rahama. A zaɓen 1993 ya zo na biyu a zagayen farko, yana bayan marigayi Tanja Mamadu. Jam'iyyun ƙawancen canji suka haɗa kai, ran 27 ga Maris ya lashe zagaye na biyu da sama da kashi 54 cikin ɗari. Shi ne shugaban Nijar na farko da talakawa suka zaɓa a takarar jam'iyyu da yawa. Sunan Nafarko ba ado ba ne, tarihi ne.

Suna cewa an sha wuya a zamaninsa. An sha. Albashi ya yi ta jinkiri, an yi yajin aiki. Amma su faɗi sauran. Baitulmali ya tarar a bushe. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi a duk ƙasashen da ke kashe ta, ba Nijar kaɗai ba. Kuma wa ke riƙe da gwamnati a lokacin? Mahamadu Isufu ne faraminista, Nafarko ne ya naɗa shi. A Satumba 1994, ana tsakiyar wahala, ya ajiye aiki, Tarayya ta fice daga ƙawance. Wanda ya sauka daga kwale-kwale a tsakiyar gulbi ba shi da bakin zagin matuƙi.

Da aka sake zaɓen majalisa a Janairu 1995, ƴan adawa suka yi rinjaye. Sojoji na ƙarƙashin Nafarko, alƙalami na hannunsa. Bai soke zaɓen ba. Aka kai ruwa rana, daga bisani ya naɗa Hama Amadu, abokin hamayyarsa, faraminista. A wannan shekarar ce, ran 24 ga Afrilu, aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da ƴan tawayen arewa. Aka mai da ita ranar hutu ta kowace shekara. Masu mulki a 2021 na zuwa bikin da manyan riguna, amma ba su faɗin a zamanin wa aka yi ta.

Ran 27 ga Janairu 1996 sojoji suka kifar da shi. Ba ƙuri'a ce ta sauke shi ba, bindiga ce. Bai shiga daji ba, bai tura ɗan kowa ya mutu dominsa ba. Ya koma neman ƙuri'a kamar kowa.

A nan ne babban aikinsa ya fara. Ya shiga majalisar dokoki a matsayin depite, a Disamba 1999 ƴan uwansa suka zaɓe shi shugabanta, suka sake zaɓensa a 2004. A 2006 ya zama shugaban majalisar CEDEAO, ƙungiyar da tun 1979 ta rattaba hannu cewa ɗan Afirka ta Yamma na da ƴancin kai da kawo tsakanin ƙasashenta. Ra'ayinsa bai ɓuya ba: a bar mutum ya faɗi albarkacin bakinsa, a bar ɗan kasuwa ya nemi halalinsa, a sa wa mai mulki linzami da doka.

Sai 2009 ta zo da tazarce. Marigayi Tanja abokin ƙawancensa ne, ministocin CDS na cikin gwamnati. Da Nafarko ya yi shiru, da kujerarsa da motarsa da masu gadinsa suna nan. Ya ce kundin tsarin mulki bai yarda ba, shi ma bai yarda ba. Ran 26 ga Mayu aka rusa majalisar, kujerar ta tafi. A watan Yuni jam'iyyarsa ta janye ministocinta. Ƴan Tarayya suna tare da mu a titi a wancan lokacin, ba mu hana su wannan ba. Bambancin shi ne, su suna waje suna neman shiga, shi yana ciki ya zaɓi fita.

Yanzu ku duba abin da suka yi da ƴancin da muka yi gumi tare a kansa. A Maris 2018 an kama Musa Cangari da Ali Idrisa da Nuhu Arzika don sun fito adawa da dokar kasafin kuɗi mai ƙara wa talaka haraji, suka yi watanni a kaso. Ministan cikin gida a lokacin shi ne Bazum. Ran 10 ga Disamba 2019 mun rasa sojoji 71 a Inates, wata guda bayan haka 89 a Shinagodar. Muna cikin makoki sai binciken da gwamnatin kanta ta sa aka yi a ma'aikatar tsaro ya fito da maganar miliyar 76 na sefa a kwangilolin kayan soja. Waɗanda suka fito ran 15 ga Maris 2020 suna tambayar ina kuɗin, su aka rufe. A watan Mayu majalisar da ke hannun ƴan Guri ta amince da dokar sauraren wayoyin jama'a. Haka majalisa ke zama idan ba mai iya cewa a'a a cikinta.

Ku na bakin iyaka kun fi kowa sanin kuɗin wannan shirun. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Ba Yamai ce ta rufe ba, mun sani. Amma wata goma sha shida ne: albasa ta ruɓe a buhu, wake da aya suka faɗi, mai rago ya rasa mai saye, ƴan kabu-kabu da ƴan dako suka zauna. An yi taruka, an kafa kwamiti. Wa ya zo ƙauyenku ya tambayi asarar da kuka yi? A yankin Madarumfa da Gidan Runji ɓarayin daji na kore shanu, suna ɗaukar mutane sai an biya fansa. Mutumin da ya shugabanci majalisar CEDEAO ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a Abuja, kuma an san fuskarsa a can.

Tsufa kuwa, a 2021 shekararsa 71, ba mu rage ko ɗaya ba. Tsohuwar zuma da ita ake magani.

Mu ba ruwanmu da zancen ƙabila ko launin fata. Duk wanda ya zo muku da shi, ko da sunanmu ya zo, ku juya masa baya. Aikin shekara goma muke aunawa, kuma mudun bai cika ba.

Kada a tsorata ku da cewa an gama. A zagayen farko na 27 ga Disamba ɗan takararsu ya samu kashi 39 cikin ɗari. Ke nan cikin mutum goma da suka yi zaɓe, shida ba shi suka zaɓa ba. Hama Amadu, wanda aka hana shi takara, ya ce magoya bayan Lumana su bi Nafarko. A 1993 ma daga baya ya taso.

Za su zo da atamfa da sabulu da jaka biyu-biyu. Sabulu sati guda ne, mulki shekara biyar. A bayan labule ba prefe, ba mai gari, daga kai sai Allah.

Ku nemo katin zaɓenku tun yau. Ku fita da sassafe, ku tafi da iyaye mata da matasan da za su yi zaɓen fari. Ku dangwala wa Mahaman Usman. Bayan an rufe rumfa kada ku watse: ku tsaya cikin lumana a ƙidaya a gabanku, wakilinmu ya karɓi takardar sakamako da sa hannu.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.

Nafarko! Canji!