Jikokin Fataken Gonja na Zaman Jiran Banki

Duk wanda ya ratsa Nima a Akra ko Aboabo a Kumasi da hantsi zai tarar da samari a majalisar shayi, kuma a cikinsu akwai masu digirin kasuwanci daga Legon da KNUST. Sun gama bautar ƙasa ta shekara guda, sun raba takardun neman aiki har takalma sun suɗe, shiru.

Ba mu musanta cewa ƙasa ta shiga ƙunci. Tun 2017 Babban Bankin Ghana ya rufe UT Bank da Capital Bank, a 2018 ya haɗe wasu biyar wuri guda, ma'aikata da yawa suka koma gida. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, gwamnati ta kasa biyan bashin waje, ta dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata, sai da ta karɓo rancen dala biliyan 3 daga IMF a 2023. Shirin NABCO mai biyan sidi 700 a wata ma ya mutu.

Amma yau da alhazanmu 'yan kasuwa muke magana, domin wani kason laifin yana wuyansu. Albasar Galmi da ake saukewa a Adjen Kotoku, da shanun da ke shiga karar Tulaku ta Ashaiman, da goron da ke fita zuwa Najeriya, a hannun mutanenmu suke. Dukiya ce mai kauri, amma lissafinta yana cikin kan mutum ɗaya da aljihun babbar rigarsa. Alhaji ya biya wa ɗansa kuɗin jami'a shekara huɗu don ya koyi lissafin riba da faɗuwa, yaron ya dawo ya tambayi littafin bashi, sai a ce ya yi rashin kunya, wai boko ya sa yana ƙirga dukiyar uba tun yana raye. Ran da aka kai Alhaji makwancinsa, masu bin bashi su cika zaure, waɗanda ake bi su yi ɓatan dabo, magada su ƙare a gaban Sarkin Zango. Irin wannan shari'a ta ishe mu a fada.

Kada kowa ya fake da addini. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Hukuncin ƙiradi kuma yana nan a Risala: mai dukiya ya ba da jari, mai ƙwazo ya juya, a raba riba yadda aka yi sharaɗi. Da irin wannan amana ayarin goro ya riƙa zirga-zirga tsakanin Salaga da Kano, kuma a wannan fatauci Alhassan Dantata ya fara tara abin da ya tara.

Su ma samarin, wanda yake ƙyamar warin albasa bayan da kuɗinta aka yi masa digiri, sai ya sake tunani. To, amma yaro ba ya shiga rumfar da aka kulle. Muna kira ga shugabannin 'yan albasa da na kara da na goro: kafin azumi mai zuwa, kowane babban dillali ya ɗauki yaro ɗaya mai wannan karatu, ya damƙa masa littafi da jari, a rubuta sharaɗin a gaban liman da shaidu biyu.