Wasiƙa Ga Matasa Masu Gyaran Wuta A Masana'antu

Ƙannena da 'ya'yana masu aikin wuta a Sharaɗa, Bompai da Chalawa.

Na ga ƙoƙarinku. Kuna da saurin hannu, zanen fanel ba ya ba ku wuya. Allah ya ƙara basira.

Sai dai akwai wata ɗabi'a da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Bireka ta faɗi, yaro ya ɗaga ta. Ta sake faɗuwa, ya sake ɗagawa. Daga nan sai ya ɗauko sukudireba ya murɗa obalodi har ƙarshe, ko ya zare fis ɗin da ya ƙone ya ɗaura wayar tagulla a gurbinsa. Inji ya tashi, manaja ya washe baki, aka ce yaro ya iya aiki. Wane aiki? Mai gadi ne ya yi ihun ɓarawo, ka toshe masa baki.

Moto mai fes uku na 415V, in fes ɗaya ya ɗauke yana cikin gudu, ba ya tsayawa. Sai ya ci gaba da juyawa yana gurnani, sauran biyun suna jan wuta fiye da kima, har kwayil ya dahu. Obalodin nan da ka murɗa, shi ne da ya cece shi.

Magabatanmu da suka koyi aiki a hukumar lantarki ta ECN, kafin ta zama NEPA a 1972, ba sa barin ka taɓa komai sai ka kashe wuta, ka garƙama kwaɗo, ka gwada ka tabbata ta mutu. Sannan a ɗauko mega, na'urar gwada lafiyar rufin waya. In ta nuna ƙasa da megohm 1, ba a mayar da wuta, ko wa zai yi fushi. Da hanci da ido ma suke fara bincike: ƙaurin roba, noti da ya saki ya yi baƙi, ƙurar hunturu, ƙadangare da ya ƙandare tsakanin sandunan tagulla. Yau mega tana cikin akwati, batirinta ya mutu, ba mai tambaya. Har taransfomar 11kV na ga an mayar wa wuta bayan na'urar kariya ta Buchholz ta yanke ta, ba wanda ya duba iskar da ta taru a ciki. Haba jama'a! Da rai ake wannan wasan?

Ku yi haƙuri da zafin harshena. Na san manaja yana tsaye a kanku yana duba agogo. Ku roƙe shi awa ɗaya. Ku auna wutar kowane fes, ku ɗaure notuna, ku rubuta abin da mega ta nuna a littafi, domin mai karɓar aikin dare ya san inda kuka tsaya.

Naku,
Wani dattijo mai aikin wuta, Kano