Langa a Makarantar Lahadi

A watan Oktoban 2014, Boko Haram ta mamaye hedikwatar cocin EYN da ke Kwarhi, kusa da Mubi. Jariran da aka gudu da su a goye a lokacin sun yi wayo, suna zaune a makarantar Lahadi tare da ƙannensu. Waɗannan yara sun san wahala tun kafin su iya karatu. Abin da ya rage su koya shi ne tashi bayan faɗuwa.

A nan wasa ya fi dogon wa'azi. A langa, yaro na tsalle da ƙafa ɗaya, a ture shi ya faɗi, ya karkaɗe ƙura ya jira zagaye na gaba. Idan malami ya biyo da labarin Yusufu, daga rijiya zuwa kurkuku zuwa fadar Fir'auna, darasin ya riga ya shiga jiki kafin ya shiga kunne.

Sai dai a kula, kada jimiri ya koma shiru. Ayuba ma ya koka, ya yi wa Allah tambayoyi. Duk yaron da aka koya wa haƙuri, a koya masa faɗin inda ke yi masa ciwo.