Fadamar da ta raini biranen farko ita ce ke bushewa a Iraƙi

Duk wanda ya je kufan Eridu a kudancin Iraƙi yau, rairayi kawai zai tarar. Amma lokacin da masu binciken kayan tarihi, Fuad Safar da Seton Lloyd, suka tona wurin tsakanin 1946 da 1949, sun samu tarin ƙasusuwan kifi a cikin tsofaffin ɗakunan bauta. Me ya kawo kifi tsakiyar hamada?

Sauyin yanayi ne. Shekaru kusan 20,000 da suka wuce, ƙanƙara ta daskarar da ruwan duniya mai yawa, har teku ya yi ƙasa da inda yake yanzu da kimanin mita 120. Tekun Fasha na yau busasshen kwari ne a wancan zamani. Da ƙanƙarar ta narke, ruwa ya cika kwarin, gaɓar teku ta matso kusa da inda Eridu da Ur suke, kogunan Dijla da Furat kuma suka bazu suka zama fadama.

A kan tuddan wannan fadama mutane suka zauna. Suna kamun kifi, suna kiwon shanu, suna shuka sha'ir da dabino, suna yin bukkoki da ciyawar ruwa, suna sufuri a kwalekwale. Idan gona ta ƙi, ruwa ya ciyar da su. Wannan wadata ce ta ba ƙauyuka damar zama birane.

Daga baya laka ta tura gaɓar teku nesa, Furat ya sauya hanya, aka watse daga garuruwan. Yanzu tsakanin Ur da teku ya haura kilomita 200.

Wancan canji ya ɗauki dubban shekaru. Na yanzu kuwa aikin hannun mutum ne. A shekarun 1990 gwamnatin Saddam Hussein ta janye ruwan fadamar, har kusan kashi 90 cikin 100 ya bushe. Wani ɓangare ya farfaɗo bayan 2003, UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, amma fari da madatsun ruwa na Turkiyya da Iran suna sake shanye shi.

Masu tsara rabon ruwa kan ɗauki fadama a matsayin asara. Tarihin Eridu ya ƙaryata su. Ya kamata duk yarjejeniyar ruwa tsakanin ƙasashen uku ta ware wa fadamar kasonta, kamar yadda ake ware wa gonaki.