SHAWARAR ANTI: Ɗumin Ɗaki Da Hitar Gas, A Bar Wa Iska Hanya

 

Duk wadda ta san Birnin Gwari ta san hunturunta ba na wasa ba ne. Daga Disamba zuwa Janairu, in iskar asuba ta taso daga dajin Kamuku, hatta alwala sai an yi jarumta. Iyayenmu da kaskon wuta suke maganin abin. To amma shekarun da 'yan bindiga suka mai da shiga daji neman itace abin fargaba, ga kuma zamani, sun sa tukunyar gas ta shigo gidaje. Yanzu har akwai hita mai aiki da gas, 'yar madaidaiciya, wadda ake ɗauka daga ɗaki zuwa ɗaki don ɗumi. Abu ne mai daɗi, amma fa wuta ce, kuma wuta ba ta san amarya ba.

Magana ɗaya nake so ki riƙe ko da kin manta sauran: kada ki kunna ta a ɗakin da aka rufe ruf. Duk wutar da ke ci iskar ɗakin take sha, wadda ke ma ita kike shaƙa. In iskar ta yi ƙaranci sai wutar ta soma fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Shiga jini take yi ta hana shi ɗaukar iska mai kyau. Da farko ciwon kai, sai jiri, tashin zuciya da kasala, daga nan barci mai nauyi wanda wasu ba sa tashi. Wallahi ba gas kaɗai ba, garwashin gawayi a kasko ma haka yake yi, har da janareta in an matso da shi bakin taga.

Saboda haka ki bar taga a ɗan buɗe. Ki ɗumama ɗakin, ki kashe, sannan ki ja bargo. Ko da angon ya ce, "Haba amarya, bar ta mana zuwa asuba," ki lallashe shi da murmushi ki kashe abinki. Ai Manzon Allah (SAW) ma ya hore mu da kashe wuta kafin a kwanta. Wajen saye kuma ki tambaya, domin wata hitar ta tsakar gida ce kawai, ba ta cikin ɗaki ba. Wadda aka yi don ɗaki takan mutu da kanta in ta faɗi ko in iska ta ragu.

Sai batun yoyo. Gas ɗin nan asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani abu mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya yi miki gargaɗi. Kuma ya fi iska nauyi, shi ya sa in ya zubo ƙasa yake kwantawa, daidai inda yara ke barci a tabarma. Duk ranar da aka sako sabon gas, kaɗa ruwan sabulu ki shafa a tiyo da mahaɗar kan tukunya. In kumfa ta dinga tasowa, akwai yoyo. Kada ki kuskura ki gwada da ashana! In kin ji warin a ɗaki, rufe kan tukunya, buɗe ƙofa da tagogi, fitar da kowa, kada a taɓa makunnin lantarki, a kira mai gyara. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: a watan Janairun 2020 gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha, Kaduna, aka rasa rayuka, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa.

Ga kula ta yau da gobe. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan da wuta ke fita, don haka in hitar ta huce ki share ta da busasshen buroshi mai laushi. Lafiyayyen harshen wuta shuɗi ne. In kin ga ya koma rawaya yana baƙanta wuri, kashe ta sai an duba. Tiyon da ya tsage ko ɓera ya ɗanɗana, canza shi ake yi, ba a ɗaure shi da leda ko roba. Tukunya a tsaye take zama, a inuwa, ba a rana ba, kuma ba a cika ta maƙil, ana barin kusan kashi 20 cikin 100 saboda gas yana kumbura da zafi. Ki ajiye hitar a daɓe mai daidaito, aƙalla mita 1 tsakaninta da labule, katifa da gidan sauro. Ba a shanya mayafi ko kayan makaranta a kanta, kuma ki tattare hijabi in za ki gifta. In sanyi ya wuce, cire tiyo, rufe ta da zane, tukunyar kuma ta koma inda iska ke kaiwa da komowa.

In kuwa kin ga mutanen ɗaki duk sun tashi da ciwon kai lokaci guda, da an fita waje kuma su ji sauƙi, kada a ce zazzaɓi ne ko iskokai. Wanda ya suma a fito da shi fili, a garzaya babban asibiti don a sa masa iskar numfashi. Ɗura masa manja ko madara ba magani ba ne, shaƙe shi zai yi.

Ƙannena, ku karanta wa Umma da Yaya wannan shafin. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti.