Raddi Ga Masu Sayar Wa Matasa Gaggawa A Sana'ar Zane

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasa, akwai wata fitina da ta shigo mana ta intanet, wato masu tallar cewa za su mayar da mutum ƙwararren mai zane cikin kwana 30, har ya fara sayar da aikinsa da dala. Saurayi ya sayi buroshi da fenti, ya yi wata uku babu mai saye, sai ya watsar, ya ce Allah bai ba shi baiwar ba. Wannan talla yaudara ce, wannan uzuri kuwa ɗora wa ƙaddara laifin gaggawa ne.

Mu dubi abin da muka sani a gida. Yaro a makarantar allo da babbaƙu yake farawa, ya wuce farfaru, ya yi ta wanke allo kafin alƙalami ya zauna masa a hannu. Alaramma ba ya rubuta Alƙur'ani da ka sai bayan shekaru. Haka hannu da ido suke koyo. Mai zane ma sai ya koyi awo, ya gane inda haske ke faɗawa da inda inuwa ke kwanciya, ya ɓata takardu masu yawa kafin ya san yadda ja da rawaya da shuɗi ke haɗuwa. Fentin mai kansa yakan yi kwanaki bai bushe ba. Wanda ya yi hanzarin shafa wani a kansa, caɓi zai samu.

Batun kuɗi fa? A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Cikinsu akwai Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Grillo ya shafe shekaru yana koyarwa a kwalejin fasaha ta Yaba, Onobrakpeya kuma malamin sakandare ne a Legas har 1980. Van Gogh na ƙasar Holan ya rungumi zane a 1880, ƙanensa Theo ke ɗauke da nauyinsa har ya mutu a 1890, alhali a yau aikinsa miliyoyin daloli ne. To, wane ne wannan da ke yi maka alkawarin kwana 30?

Wani zai ce, ai arziki na Allah ne. Haƙiƙa, amma tawakkali ba ya kore sababi. Annabi Musa (AS) da ya nemi ilimi wajen Halliru, haƙuri aka fara gindaya masa, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi. Alƙur'ani kansa cikin shekara 23 ya sauka. Sauri ya haifi nawa.

Saboda haka, ka nemi ubangida a sana'ar ka lizimce shi. Ka riƙe wata hanyar abinci, kada ka jingina cefanen gidanku da zanen da bai nuna ba. Kuma tun farko ka tambayi malamai hukuncin zana masu rai, domin akwai magana mai nauyi a kai. Itatuwa, gine-gine, zayyana da rubutun Larabci kuwa ƙofa ce mai faɗi.

Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa albarka cikin sana'o'inmu. Wassalamu alaikum.